Karɓar Damuwa Ko Miƙa Wuya?

Duk shekarar da ruwa ya yi gyara a ƙasar Haɗejiya, jami'an agaji kan ƙirga gidajen da suka zube, da gonakin shinkafar da suka nutse, da iyalan da suka koma kwana a azuzuwan firamare. An yi wannan lissafi a 2018, an yi a 2020, aka sake yi a 2022, shekarar da ambaliya ta ci rayuka fiye da 100 a Jigawa. Abin da ba ya shiga takardar kowa shi ne wanda ke biyowa bayan ruwan ya janye: magidancin da barci ya ƙaurace wa saboda bashin taki, matar da gabanta ke faɗuwa da zarar hadari ya haɗo daga gabas, saurayin da ya koma haɗiyar ƙwaya don kansa ya yi shiru. A Birniwa, inda tudu da rairayi suka fi yawa, sau da dama ba yawan ruwa ke jawo wannan hali ba, ɗaukewarsa ce: gero ya bushe a tsaye, ko farashin riɗi ya karye bayan an ci bashi a kansa. Amma abin da ke tokare ƙirji duk ɗaya ne.

Akwai wata hanyar jinya ta zama a yi magana, ba ta allura ko ƙwaya ba, da ta bazu a duniya cikin shekara 40 da suka wuce, wadda ke ce wa mai damuwa ya daina kokawa da damuwarsa. Masananta na taƙaita sunanta da ACT, wato hanyar karɓa da ɗaukar mataki. Steven Hayes, masanin halayyar ɗan Adam da ya yi mafi yawan aikinsa a Jami'ar Nevada da ke Amurka, shi ya fara tsara ta a farkon shekarun 1980, bayan shi kansa ya sha fama da ciwon firgita. A 1999 shi da Kirk Strosahl da Kelly Wilson suka fitar da littafin da ya zama tushenta. To, mutumin Birniwa ko Guri ko Auyo, wanda tun yana goye ake ce masa ya yi haƙuri, yana da buƙatar wani ya taso daga Amurka ya koya masa karɓa? In ma ya koya, ba a ƙara kwantar da wanda ya kamata ya miƙe ba?

Kafin a raba gardama, sai a ji abin da hanyar ke faɗa. Babbar maganarta ita ce, ba zafin da ke zuciya ne ke naƙasa mutum ba, gudun zafin ne. A ɗauki misalin wani manomi a Kirikasamma da ya karɓi iri da taki bashi, ruwa ya zo ya shanye shinkafar tana gab da nuna. Kunya ta kama shi. Da farko ya daina bin layin da shagon mai bashin yake. Daga nan ya daina shiga kasuwa ranar da take ci. Majalisar bayan la'asar ma ya ƙaurace mata, don kada a ɗauko zancen gona. Ɗaurin aure sai ya aiki yaro, sallar asuba a ɗaki. Kowanne daga cikin waɗannan yana ba shi sauƙin yini guda, shi ya sa yake maimaitawa. Amma kafin sanyi ya wuce duniyarsa ta tsuke daga ɗaki zuwa zaure, bashin yana nan, kunyar kuwa ta ninka, domin yanzu har da kunyar ɓuya.

Masu wannan hanya na jingina da wani gwaji da Daniel Wegner ya wallafa a 1987. Ya ce wa mutane su zauna na ɗan lokaci kada su kuskura su tuna da wata farar dabba ta ƙasashen ƙanƙara, in ta faɗo musu a rai su kaɗa ƙararrawa. Ƙararrawa ta yi ta kaɗawa, kuma da aka ɗage hanin sai tunanin ya dawo musu fiye da na waɗanda ba a hana ba tun farko. Mutanen bakin kogi ba za su yi mamaki ba. Sun san cewa idan wani gari ya ɗaga jinga, ruwan ba ya komawa inda ya fito, wuri mai rauni yake nema ya ɓalle, wataƙila a gonar maƙwabta. Damuwar da aka toshe da ƙarfi ita ma takan ɓalle a kan iyali, ko a kwalbar maganin tari.

Yaya zaman yake kasancewa? A ce manomin nan ya yarda ya zauna da wani matashin ma'aikacin lafiya a bencin ƙaramin asibiti.

"Baba, in dare ya tsala, me zuciyar ke ce maka?"

"Cewa take na zama abin nuni a gari."

Wanda ya bi tsohuwar hanyar gyaran tunani, wadda Aaron Beck ya kafa a shekarun 1960, zai tambaye shi hujja: wa ya nuna ka, mutum nawa ruwa ya ci gonarsu bana, duk sun zama abin nuni? Mai bin ACT ba ya shiga wannan shari'a.

"To Baba, gwada faɗarta haka: ga tunanin nan ya sake zuwa, mai cewa na zama abin nuni."

Da jin farko kamar wasan yara. Amma ɗan tazarar da aka samu tsakanin mutum da maganar zuciyarsa ita ake nema, ya gane cewa tunani baƙo ne mai shigowa da fita, shi kuwa mai gidan yana nan tun kafin bashin, zai kuma kasance bayansa. Sai a koya masa yadda zai dawo da hankalinsa inda jikinsa yake idan zullumi ya ja shi zuwa baɗi: ya danna tafin ƙafarsa a ƙasa, ya sauke numfashi a hankali, ya lura da abin da idonsa ke gani da abin da kunnensa ke ji. Ba don damuwar ta tafi ba. Wannan ne wurin da mutane suka fi ruɗewa. Ba a yi masa alkawarin za ta tafi, wuri ake ce ya ba ta. Sannan tambayar da duk sauran ke yi wa hidima:

"Baba, a ce kunyar nan ba za ta sake ka ba har kaka mai zuwa. Wane irin uba kake so yaranka su gani a tsakanin nan?"

In ya ce mai cika alkawari, mai shiga mutane, to aikin gobe ya fito: ya bi ta layin nan, ya yi sallama a shagon, ya nemi a raba masa biyan, da kunyar a ƙirjinsa. Masanan kan kasa wannan duka gida shida, amma a aikace abu biyu ne, sakin kokawa da abin da ke ciki, da kama aikin da ke waje.

Hujjar masu goyon baya da ta fi ƙarfi a wurina ba daga ɗakin gwaji ta fito ba, daga zauren karatu ta fito. Mutane da yawa a ƙasar nan ciwo biyu suke ɗauka. Akwai baƙin cikin rashin, akwai kuma tsoron cewa baƙin cikin alama ce ta raunin imani. Uwar da ta binne ɗa, in aka ga hawayenta bayan kwana bakwai, sai wata ta ce mata, "Haba, sai ka ce ba Musulma ba." Daga ranar za ta koma kuka a banɗaki, tana kuma tuhumar kanta. Alhali Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya zubar da hawaye ranar da ɗansa Ibrahim ke barin duniya, ya kuma bambanta baƙin cikin zuciya da furucin da ke saɓa wa Ubangiji. Annabi Yaƙub ya yi jimamin Yusuf har ganinsa ya tafi, ba a kuma cire shi daga masu kyakkyawan haƙuri ba. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa ba a kama bawa da abin da zuciyarsa ta raya masa matuƙar bai furta ko ya aikata ba. Duk ɗalibin da ya karanta Risala a zaure ya san hukuncin mai yawan kokwanto a salla: ba a ce ya tsaya ya yi gardama da kokwanton ba, cewa aka yi ya share shi ya ci gaba. Tun ƙarni na goma ma Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a 934, ya rubuta littafi kan lafiyar jiki da ta rai, ya yi bayanin tsoro da baƙin ciki da waswasi a matsayin abubuwan da ake yi wa magani. Saboda haka, in ji masu goyon baya, ba sabon abu aka kawo ba. An tsara wani abu ne da muke da shi a littafi amma muka yar a aikace, aka mai da shi darasin da za a iya koyarwa mataki-mataki.

Hujjarsu ta biyu ta ƙarancin hannu ce. Ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Najeriya ta sha kokawa cewa ƙwararrunta ba su kai 300 ba, a ƙasa mai mutum fiye da miliyan 200. Shugaba Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958, amma doka ba ta haifar likita. Asibitin masu taɓin hankali na Jigawa yana Kazaure, can yammacin jihar, Birniwa kuwa tana kusurwar gabas, daf da Yobe. Wanda barci kawai ya gagara ba zai yi wannan tafiya ba, kemis zai je. Binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya yi da gwamnati kan shekarar 2017 ya ƙiyasta mutum miliyan 14.3 masu ta'ammali da ƙwaya a Najeriya, miliyan 4.6 daga ciki masu shan irin su tiramadol ba bisa umarnin likita ba.

Don irin waɗannan wurare Hukumar Lafiya ta Duniya ta gina wani shiri a kan ACT mai suna Self-Help Plus. Zama biyar ne, kowanne kimanin awa biyu, mutum har 30 a lokaci guda, ana kunna musu sauti da aka naɗa, da ɗan littafi mai zane-zane don wanda bai iya karatu sosai ba. Mai jagorantar zaman ba likita ba ne, horon 'yan kwanaki ake ba shi. An gwada shi a sansanin Rhino da ke arewacin Yuganda a kan mata 694 'yan gudun hijirar Sudan ta Kudu, aka wallafa sakamakon a 2020: damuwarsu ta ragu fiye da ta waɗanda ba su shiga ba, kuma bayan wata uku bambancin yana nan, ko da yake ya ragu. A Turkiyya an gwada da 'yan gudun hijirar Siriya 642. Bayan wata shida, kimanin 22 cikin 100 na waɗanda suka shiga ne aka samu da ciwon ƙwaƙwalwa da ya kai a kira shi ciwo, a ɗaya ɓangaren kuwa kimanin 41. Abin da ke buƙatar lasifika da inuwa da tabarma kawai, ai ba zai gagari Birniwa ba, in dai an naɗa shi da Hausa, da Fulatanci, da harshen Mangawa.

Masu suka ba su musanta ƙarancin likitoci ba. Tsoronsu shi ne kunnen da maganar za ta faɗa. Sun ce a dubi yadda ake yi wa matar da ta yi yaji. Ta iso gidansu da kumburarren ido, gwaggonta ta zaunar da ita, ta ba ta ruwa, sannan ta ce, "Ki yi haƙuri 'yar nan, duk haka muka zauna." Kafin magariba an rako ta. Haƙurin da ake nufi a nan ba na Annabi Yaƙub ba ne, umarni ne na yin shiru, kuma kullum daga sama yake saukowa ƙasa: daga miji zuwa mata, daga maigida zuwa yaron shago, daga mai mulki zuwa talaka. Wannan matar in ta zauna cikin mata 30 ta ji lasifika na cewa ta ba zafin wuri, ta daina kokawa da shi, me za ta ji in ba muryar gwaggonta ba, sai dai yanzu da tambarin Hukumar Lafiya ta Duniya?

Littattafan ACT sun fayyace cewa abin da ake karɓa shi ne abin da ke cikin ƙirji, tsoro da baƙin ciki da tunani, ba duka ko zalunci ba. Har ma suna cewa matar da ta iya ɗaukar tsoronta ta tafi da shi, ita ce za ta iya buɗe baki a gaban waliyyinta ko alƙali, domin jiran tsoro ya gushe kafin a yi magana shi ke sa a shekara goma ba a yi ba. Na yarda da wannan amsa a takarda. Amma iyakar siririya ce ƙwarai, kuma wanda aka ba horon kwanaki kaɗan, wanda shi ma a cikin "yi haƙuri" ya tashi, zai iya goge ta da jimla ɗaya ba tare da ya sani ba. Wannan suka ba ta rushe hanyar ba, amma ta nuna inda za ta fi saurin lalacewa a hannunmu.

Suka ta biyu ta fi zafi. Ambaliyar ƙasar Haɗejiya ba daga sama kaɗai take sauka ba. Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, tafiyar kogin ta sauya. Da, yakan cika da damina ya janye da rani. Da ruwa ya koma gudana kusan duk shekara, kacalla ta samu wurin zama, ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki da wuraren su, ta zama maɓoyar jan-baki masu cinye hatsi. Ruwan da ya rasa hanyarsa shi ke shiga gari. Wannan aiki ne na injin yashe kogi, da kasafin kuɗi, da hukumar kogunan Haɗejiya da Jama'are, ba na numfashi ba. Haka daren 15 ga Oktoban 2024 a Majiya, kan hanyar Kano zuwa Haɗejiya, da tankar mai ta faɗi, mutane suka taru kwasa, wuta ta tashi ta ci fiye da mutum 150. Ba ciwon tunani ne ya kai su bakin tankar ba, tsadar rayuwa ce. Masu suka na cewa fushin da ke zuciyar waɗanda suka rage fushi ne mai gaskiya, kuma duk abin da zai sanyaya shi da araha, masu mulki za su yi maraba da shi. Sukan ƙara da cewa ƙasar da ke alfahari da Sarki Muhammadu na Haɗejiya, wanda ya ƙi miƙa wuya ga Turawa a 1906 har ya faɗi a fagen daga, ba darasin karɓa ta rasa ba.

A nan ina ganin sun haɗa abu biyu. Uwar da ta rasa 'ya'ya a Majiya, ko an rage kuɗin mai gobe ba za su dawo ba. Akwai kason ciwon da babu hukumar da za ta ɗauke mata, kuma barin ta da shi har sai an gyara ƙasa ba adalci ba ne. Ga kuma abin da ya faru a Saliyo. Lokacin cutar Ebola a 2014, wata ƙungiya a gundumar Bo ƙarƙashin Hannah Bockarie ta yi amfani da wannan hanya wajen zama da al'ummomin da ke kamuwa ta hanyar wanka da taɓa gawa. Ba a ce musu su daina jin zafin rabuwa da al'adarsu ba. An tambaye su abin da al'adar ke karewa, suka ce girmama mamaci. Su da kansu suka kawo shawarar a riƙa yin al'adar a kan kututturen ayaba, gawar kuwa a bar wa ma'aikata. Ba wanda zai kawo kututturen ayaba jana'izar Musulmi a Birniwa, ba kuma shi ne abin ɗauka ba. Abin lura shi ne zaman bai ƙare da mutane sun naɗe hannu ba. Manomin da ya fito daga ɗaki ya koma majalisa, shi ne zai iya shiga gayyar yankan kacalla, ko ayarin da zai je Dutse kai kuka. Wanda ke ɓuya ba ya zuwa ko ɗaya. Sai dai gaskiyar masu suka ita ce, gwamnatin da ta ga shiri mai araha tana iya tsayawa a kansa ta ce ta yi aiki.

Ta fuskar bincike kuwa, ya kamata masu goyon baya su rage murya. A 2014 Lars-Göran Öst, wani masani ɗan Suwidin, ya bi gwaje-gwaje 60 ya ce hanyar ba ta kai matsayin tabbatacciyar jinya ga kowane ciwo ba tukuna, ya kuma soki ingancin da yawa daga cikinsu. Magoya bayanta sun mai da martani mai zafi. Wani nazarin na 2015 da ya haɗa gwaje-gwaje 39 ya samu cewa ta fi zama ba jinya, ta kuma fi kulawar yau da kullum, amma ba ta fi tsohuwar hanyar Beck ba. Shirin nan da ya yi tasiri a Turkiyya, da aka gwada shi da 'yan gudun hijira a ƙasashen Yammacin Turai, bayan wata shida ba a ga bambancin a-zo-a-gani ba wajen hana ciwon. Har tushen maganar ma an taɓa shi: a 2023 masu bincike a Jami'ar Cambridge suka horar da mutum 120 kan danne tunanin da ke tsorata su, suka samu cewa tunanin ya dusashe, damuwarsu kuma ta ragu. Wato jinga ma tana da ranarta, kuma mutanen garin Haɗejiya da suka sha kwana suna cika buhuna da ƙasa a bakin kogi ba za su yarda a ce toshewa ba ta taɓa ceton kowa ba. A Zimbabuwe kuma, shirin Dixon Chibanda na kakanni mata masu zama a benci da masu damuwa ya yi nasara ta wata hanyar dabam, ta zama a warware matsala ɗaya bayan ɗaya. Duk wanda ya ce ACT ce kaɗai mafita, talla yake yi.

Akwai ƙorafin malamai, wanda ba a cika jin sa a taron masana ba. ACT ba ta tambayar ko tunani gaskiya ne, tana tambayar ko riƙe shi na kai ka inda kake so. Tana kuma cewa mutum shi ke zaɓar abin da ya ɗauka da daraja. Malami zai ce Musulmi ba ya zaɓar wannan yadda ya ga dama, an riga an shimfiɗa masa, kuma akwai tunanin da bai kamata a yi tazara da shi ba. Wanda ya ci gadon marayu, nadamar da ke hana shi barci rahama ce, kada wani ya koya masa kallon ta tana wucewa. Rabin farko na ƙorafin bai dame ni ba, domin in ka tambayi dattijo a Birniwa abin da ya fi daraja a wurinsa, da bakinsa zai ce ya cika da imani, ya riƙe zumunci, ya ciyar da iyali da halal, kuma hanyar ba ta hana shi ba. Rabi na biyu ya fi nauyi. Amsar da ake bayarwa ita ce nadama na nuna wa mutum abin da ya ɗauka da daraja, matakin da zai biyo baya kuwa mayar da haƙƙi ne. Daidai ne, in mai jagorar ya kai zaman har can. Matsala ta gaske tana ga amaryar da aka kawo gidan da uwar miji ke da magana ta ƙarshe. In aka ce mata ta zaɓi mataki ɗaya da za ta ɗauka a makon nan, ƙofa nawa ce a buɗe gare ta? Wanda ya tsara tambayar yana zaton mai amsawa na da ikon fita ƙofar gida.

Hukuncina shi ne a gwada, amma da sharuɗɗan da masu suka suka tilasta. Kada a kira shi darasin haƙuri, don kada a ji abin da aka saba ji. A auna shi da abin da mutum ya koma yi, ya koma kasuwa, ta koma islamiyya, an je an yi maganar bashi, ba da yadda ya daina ƙorafi ba. Zaman mata dabam, mace ta jagoranta. Gwajin Yuganda mata zalla ne, kuma duk wanda ya san mazanmu ya san ba za su taru a asibiti don a yi zancen zuciya ba, sai dai a bi su inda suke taruwa, ƙungiyar manoma ko ta masunta, a shigo da maganar ta ƙofar bashi da rashin barci.

Sharaɗi mafi girma shi ne tacewa. Gwaje-gwajen nan duka sun ware masu ciwo mai tsanani da masu niyyar hallaka kansu, ba a sa su cikin zaman ba. Wanda ke jin muryoyi, ko mai jegon da ta daina gane jaririnta, ko wanda ya kwana uku bai runtsa ba yana ta surutu, magani yake buƙata da likita. Mun ga inda rashin wannan ke kaiwa a 2019, lokacin da 'yan sanda suka fito da ɗaruruwan mutane, wasu da mari a ƙafa, daga gidajen gyaran hali a Kaduna da Daura. Saboda haka kafin kowa ya zauna a tabarma, sai an keɓe da shi an yi masa tambayoyi kai tsaye: ana dukan ki, kin ci abinci jiya, kina jin maganar da wasu ba sa ji, tunanin barin duniya na zo miki? Wadda ta amsa e ga ta farko, hanyar waliyyi da hukuma za a nuna mata. Wadda ta ce a'a ga ta biyu, hatsi take buƙata kafin komai. Waɗanda suka amsa e ga ta uku ko ta huɗu, takardar turawa za a rubuta musu zuwa babban asibitin Haɗejiya, ko Kazaure, ko Dawanau a Kano, kuma duk shirin da zai rubuta wannan takarda a Birniwa sai ya ware kuɗin motar mutum biyu, mara lafiyar da mai rakiya, zuwa da dawowa.